Layar Likitan Soja

Duk garin Tinfaras an san Masa'uda da abu biyu, ɗinkin fata da kaifin baki. Idan ta ɗinka maka salka har jikanka sai ya sha ruwa a cikinta, idan kuwa ta zage ka shi ma jikan sai ya ji labari. Amma duk zafin nan nata, abu guda ne ke iya tanƙwara ta, shi ne ɗanta Bujama'a. 'Ya'yan da ta haifa kafinsa duk ƙasa ta karɓe, wasu ƙyanda, wasu zawo, ɗaya harbin kunama. Shi kaɗai ya tsaya har ya yi gemu. Tun yana goye take rataya masa layu, har yara suka riƙa tsokanarsa wai wuyansa ya fi na raƙumin amarya kaya. Yanzu ga shi cikakken namiji, shi ke kula da dabinon Sidi Abdulwahid a ba shi kashi ɗaya cikin biyar, amma har gobe in ya yi tari sau biyu uwarsa ba ta da sauran sukuni.

A shekarar 1960, sanyi na haramar tafiya, maganar da aka daɗe ana yi a ɓoye ta fito fili. Sojan Faransa da suka cika garin Raggan na kusa da mu da manyan motoci da waya mai ƙaya za su tayar da wani bam, irin wanda ƙasarsu ba ta taɓa tayarwa ba. Wai sun duba duniya kaf, suka zaɓi hamadar da ke kudu da mu saboda babu kowa a wurin. Babu kowa! To mu da kakanninmu suka haƙa magudanan ruwa a ƙarƙashin rairayin nan da hannunsu, aljanu ne? Dabinon da hafsoshinsu ke ci bayan abinci, daga sama yake faɗowa?

Ranar Laraba da hantsi mota ta tsaya a dandalin ƙofar gari. Wani likitan soja ya sauko, dogo, hancinsa duk rana ta saɓule shi, tare da tafintansa Si Lahdar, mutumin arewa mai jar hula da takalmin da ya fi ƙarfin rairayi. Aka tara mutane. Si Lahdar ya ce ranar Asabar da sassafe kowa ya fito daga ɗaki, a kwanta rubda ciki a dandali, a juya wa kudu baya, a rufe ido da hannu, kada wanda ya ɗaga kai sai ƙara ta wuce.

Sai likita ya buɗe wani akwati. Cikinsa wasu 'yan abubuwa ne baƙaƙe masu kusurwa huɗu, ko tafin hannun jariri ba su kai ba, kowanne da lamba a jiki da zaren ratayawa. Ba su isa kowa ba. Likita ya bi layi yana nuni da yatsa: tsoho ɗaya, saurayi ɗaya, mai ciki, yarinya, wani maƙeri. Ya wuce Bujama'a ko kallonsa bai yi ba. Ya zo kan Masa'uda ya tsaya, ya rataya mata.

"Kai, mai jar hula," in ji ta, "mene ne wannan aka ɗaura min kamar akuyar sayarwa?"

Si Lahdar ya kira ta da sunan da ake girmama mata da shi. "Ki dai bar shi a wuyanki, Lalla. Kada a cire, kada a buɗe, kada ruwa ya taɓa. Likita ya ce don lafiyarku ne."

Hadda, maƙwabciyarta, wadda ba a ba ta ba, ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke ma dai da neman magana! A rataya a wuya, kada a buɗe, kada a jiƙa, kuma don lafiya. Yo mene ne wannan in ba laya ba? Su suka ƙera bam ɗin, ai su za su san makarinsa. Wallahi kin yi goshi, tsohuwar banza, mu da za mu ƙone fa?"

Si Lahdar ya ji wannan magana sarai. Yana tsaye kusa da su, har inuwarsa na kan ƙafar Hadda. Sai ya duƙa yana kakkaɓe rairayi daga takalminsa. Kafin la'asar duk Tinfaras ba mai kiran abin da wani suna sai layar likita, waɗanda ba su samu ba har da masu kuka.

Masa'uda ba ta tsaya shawara da kowa ba. Me tsohuwa za ta yi da laya, ga ɗanta wuya sake? Ta je wurin malamin masallaci ya rubuta mata ayoyin tsari, don ita ba ta yarda da layar da babu sunan Allah a ciki ba, ko ta wane ce. Ta zaɓi jar fatar da ta daɗe tana ɓoyo, ta haɗa abin likita da rubutun, ta ɗinke da ɗinkin da ko allura ba za ta sami ƙofa ba. Bujama'a ya dawo daga lambu ya tarar tana jiransa a tsakar gida.

"Sunkuyo."

"Haba Yumma, wata kuma? Wuyan nan fa guda ɗaya ne. Kuma ke aka ba."

"Ni aka ba, ni kuma na bayar. Sunkuyo kafin in sunkuyar da kai."

Ya sunkuya yana dariya, ta rataya masa, ta tofa. A daidai lokacin ta ji wani sanyi a ranta wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta ga kamar ta yi wa mutuwa wayo.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Sidi Abdulwahid ya aiko. Kwanson furen manyan dabinonsa na bakin lambu ya tsage, kuma kowa ya san furen mace ba ya jiran kowa. In ya buɗe, sai a hau da sassafe kafin iska ta tashi, a cusa masa reshen furen namiji, a ɗaure da ganye. In aka yi sakaci, shekarar ta tafi a banza, sai 'ya'ya marasa ƙwallo waɗanda ko jaki sai ya yi yanga kafin ya ci. Ga shi ana cewa iskar bam za ta kakkaɓe duk furen da ba a ɗaure ba. Saƙon mai lambu gajere ne: a hau gobe da asuba, in kuwa Bujama'a ba zai iya ba, masu son lambun suna da yawa.

Bujama'a ya zauna yana juya kofin shayi a hannu. "Sun ce fa kowa ya kwanta, Yumma."

"Sun ce wa marasa laya. Kai me zai same ka? In kwanciya ce maganin, me ya sa suka wahalar da kansu suka kawo wannan?" Ta daki layar da yatsa a ƙirjinsa. "Je ka yi aikinka, ɗan nan. Bari su Hadda su ci ƙasa, kai kana sama."

Da bakinta ta faɗa, da alfahari ma ta faɗa.

Gari ya waye da sanyi. Mutane suka fito da barguna suka zube a dandali kamar buhunan alkama, yara na kuka, tsofaffi na salati. Masa'uda ta kwanta kusa da Hadda, goshinta a kan damtsenta. Can daga lambu ta jiyo muryar ɗanta. Mai barbarar dabino ba ya aiki shiru, dole ya ɗaga murya yana salati yana roƙa wa itacen albarka, don a san akwai namiji a sama, mata su kintsa. Muryar Bujama'a kuwa ta fi ta kowa tafiya. Tana ji ya gama da itace ɗaya, ya yi shiru na saukowa, ya sake ɗagawa daga kan wani.

"Ji ɗanki," in ji Hadda cikin bargo. "Ko a jikinsa."

"Ai na gaya miki," in ji Masa'uda.

Sai haske ya zo. Idonta a rufe, fuskarta a cikin hannu, bargo a kanta, amma ta ga ƙasusuwan hannunta ja wur kamar an haska fitila a cikin naman. Ba ƙara, ba motsi, haske kawai, wanda ya fi rana tsakar bazara. Salatin da ke tahowa daga lambu ya yanke a tsakiyar kalma.

Ta ɗaga kai za ta tashi, Hadda ta danne ta. Suna cikin wannan kokawa ƙarar ta iso. Ƙasa ta yi tsalle a ƙarƙashin cikinsu, ƙofofin gari suka ɓalle, katangar gidan maƙeri ta zube, awaki suka tsinke igiya. Masa'uda ta ture Hadda ta zura da gudu ba mayafi. A kudu wani hayaƙi ya miƙe ya yi kai kamar tukunyar da aka kife a kan turmi, amma ita ko kallo bai ishe ta ba.

Ta same shi a gindin dabino mafi tsawo, cikin taɓon kwamin alkama, furen namiji a watse kewaye da shi. Yana numfashi. Kafaɗarsa ta goce, fuskarsa ta yi ja kamar an mare shi da tafasasshen ruwa, idanunsa a buɗe suna zubar da hawaye.

"Yumma? Ke ce? Na juya ne kawai in gani. Na ce ai ina da laya." Ya laluba ya kama zanenta. "Gari ya waye ne? Fari kawai nake gani."

An gyara kafaɗa ta koma. Ido kuwa babu abin da ba ta yi ba. Ta sa kwalli, ta wanke da ruwan shayi, ta roƙi nonon mai jego ta ɗiga, malam ya yi tofi har muryarsa ta dushe. Farin nan ya ƙi yayewa, daga baya ma ya fara komawa duhu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Bujama'a bai daina shafa layar ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce masa, "Daga ƙololuwar dabinon Sidi na faɗo, ka san tsawonsa. Ba don layar nan da Yumma ta ba ni ba, da yanzu kun yi sadakar uku." Masu gaisuwa su gyaɗa kai, su taɓa jar fatar, su shafa a fuska.

Bayan 'yan kwanaki motar ta dawo. Masa'uda ta ji daɗi har ta yi guɗa, ta ce ga mai laya ya zo, shi zai san maganin ido. Ta riƙo hannun ɗanta har dandali. Sai ta tarar likita na bin mutane yana cire layun daga wuyansu yana jefawa a akwati.

Wa ya taɓa jin an ba da laya an dawo an karɓe?

Da aka zo kanta ta nuna wuyan Bujama'a. Likita ya ga jar fata, ya ɓata fuska, ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin da ta ɓata yini tana yi. Ya ciro abinsa, ya kakkaɓe takardar ayoyin ta faɗi ƙasa. Ya yi magana da faɗa.

"Ya ce ke aka ba," in ji Si Lahdar. "Lambar taki ce. Kin ɓata musu aiki."

"Na ɓata musu aiki? Gaya masa ya dubi idon yaron nan! Yana kan dabino abin ya same shi."

Da tafinta ya juya maganar, sai fuskar likita ta sake. Faɗan ya tafi, ido ya yi haske. A kan dabino? Wanne? Ina ya fuskanta? Da riga ko ba riga? Ya sa aka kai shi lambu, ya tsaya a gindin itacen yana ɗaga kai, ya sa wani soja ya auna tsawonsa da igiya. Ya daɗe a wurin dabinon nan fiye da yadda ya daɗe a kan duk mutanen Tinfaras. Da ya dawo ya ɗaga fatar idon Bujama'a da babban yatsa, ya leƙa, ya saki, ya goge yatsan a wando. Bujama'a kuwa ya lalubo hannunsa ya riƙe da hannu biyu yana ta godiya.

Masa'uda ta bi Si Lahdar bayan mota, ta cafki hannun rigarsa.

"Ina maganin?"

"Wannan ba likitan ido ba ne, Lalla. Sake ni."

"Ba zan sake ka ba sai ka gaya min. Ka ji tsoron Allah, ai kana sallah kamar yadda muke yi. Mece ce a cikin layar nan?"

Ya waiga ya ga ba mai jin su. Ya rage murya. "Ba laya ba ce. Ban taɓa cewa laya ce ba."

"To mece ce?"

"Ma'auni ne. Ba ya tare komai. Yana nuna yawan abin da ya shiga jikin mutum ne, su kai can su duba, su sani."

Ta san ma'auni. Duk wanda ya tashi a garin nan ya ga mai awon ruwa da farantinsa na tagulla mai ƙofofi, yana kafa shi a bakin magudana don a san rabon kowane lambu. Farantin bai taɓa hana ruwa wucewa ba. Wato su nan, da tsohonsu da mai cikinsu, magudana ce aka kafa wa faranti. Ita kuma ta ɗauki farantin ta ɗinke da jar fata, ta tofa, ta tura ɗanta sama da shi.

"Kana tsaye Hadda ta ce laya ce," in ji ta. "Kana ji. Kalma ɗaya ta gagare ka, ɗan asara? Kalma ɗaya!"

"Da na faɗa, wa zai rataya?" Ya fizge rigarsa ya haye mota.

Ta tsince takardar ayoyin daga ƙasa, ta sumbata, ta mayar cikin fatar ta ɗinke. Bujama'a ya auna ta a tafin hannu ya ce ta yi sauƙi. Ta ce eh. Ta buɗe baki za ta gaya masa sauran, ta ga yadda ya rungume abin a ƙirji, sai ta fasa. Ta yaya za ta ce masa ba komai ta tura shi da shi?

Matan gari kuwa ta gaya musu, a bakin ruwa, a wurin niƙa, a gidan suna. Ba wadda ta yarda. "Ɗanki ya faɗo daga dabinon da ya fi hasumiyar masallaci bai mutu ba, ki ce ba ta aiki?" in ji Hadda. "Butulci ne wannan, Masa'uda. Baƙin ciki ya taɓa miki kai." Har cewa aka yi laifinta ne da ta haɗa layar da wani rubutu, wai shi ya rage mata ƙarfi.

Sauran dabinon ba su fasa tsagewa ba, mai lambu kuma bai fasa aike ba. Bujama'a ya ce ƙafarsa ta san itacen ko ba ido. Haka suka koma yi: ta kai shi gindi, ta kama kafaɗunsa ta juya shi ya fuskanci itacen, ya hau da lalube, ita tana ƙasa tana ce masa dama, hagu, ƙaya na gabanka. Yana sama yana salati, tana ƙasa tana tsine wa Faransa da likitanta da mai jar hula, ɗaya bayan ɗaya, kullum, kamar wuridi. A lokacin ne aka ji wai can a ƙasarsu an yi ta murna, har sun raɗa wa bam ɗin sunan ɓeran rairayi mai tsalle. Sun ƙone idon ɗan mutane sun kuma yi wa abin suna kamar jariri.

Alkama ba ta gama nuna ba motar ta sake dawowa. Za a tayar da na biyu. Wannan karon ba a yi shela ba, gari ya fito da kansa. Mata suna ture juna, suna ɗaga jarirai sama don likita ya gani, maza na miƙa wuya. Masa'uda ta ƙi zuwa, amma Bujama'a ya kafe sai ta kai shi. Ta ɗauka maganar ido zai sake yi, ta kai shi.

Da suka isa ya ɗaga murya, wannan muryar da ke tafiya daga lambu har dandali. "Si Lahdar! Don Allah a ba ni guda. Ba tawa ba ce, ta Yumma ce. Wancan karon ta cire tata ta ba ni, ta kwanta haka nan ba tsari."

Likita ya gane shi, mutumin kan dabino. Ya yi murmushi ya sa masa ɗaya a hannu. Bujama'a ya juyo yana lalubar fuskar uwarsa, ya ware zaren da yatsu.

"Sunkuyo, Yumma. Yau ni zan ce ki sunkuyo."

Nan abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya ƙi haɗiyuwa. Ta riƙe wuyan hannunsa gam.

"Ba laya ba ce, Bujama'a." Ta juya ga taron, ta kama haɓarsa ta ɗaga fuskarsa. "Ku dube shi! Ku dubi idon nan da kyau, ku masu miƙa wuya! Ma'auni ne! Ba ya tare ko ƙuda. Auna mu suke yi, su ga nawa muka sha, nawa ya rage mu mutu. Ga wanda ya gaya min nan, mai jar hula, in ƙarya nake ya rantse da Alƙur'ani! Taɓon alkama ne ya cece ka, ɗana, taɓo da ikon Allah. Ni na tura ka sama da abin banza a wuya, su kuwa suna sane, suna kallo, suka bar ni na tura ka!"

Aka zuba wa Si Lahdar ido. Bai rantse ba. Ya duƙa yana kakkaɓe takalminsa. Duk da haka wata mai goyo ta matsa a hankali ta miƙa wa likita hannu, wata ta bi bayanta.

Bujama'a ya daɗe a tsaye, abin a tafin hannunsa, yana shafa lambar da babban yatsa. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dunƙule hannun har zaren ya shige tsakanin yatsunsa, wannan hannun da ke riƙe namiji a kan dabino ba igiya.

"Yumma," ya ce a hankali, "ta wane gefe likitan yake?"

Masa'uda ta share fuskarta da bayan hannu. Ta kama kafaɗunsa biyu ta juya shi, yadda take juya shi a gindin dabino.

"Gabanka sak," ta ce. "Ba shi da nisa."